Yatsa Shida

Ni malamar lissafi ce a firamare, ko babur ban taɓa tuƙawa ba. Amma in ka tambaye ni ko wannan na'urar da ake ƙara wa motar tsere don ta ɗaga mata gaba tana da amfani, ko kuwa dabarar masu sayarwa ce kawai, zan ba ka amsa har ka gaji da ji. A bakin get ɗin gidanmu na yi wannan karatun, tsakanin maza biyu masu taurin kai da Allah ya haɗa ni da su, mahaifina da ƙanena. Har yau in na tuna sai na ji kaina yana sara.

Baba magini ne. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana ɗora bulo kan bulo, sai da gwiwarsa ta ce ta gaji sannan ya ajiye cokalin gini, shi ma ba da son ransa ba. Dogo ne, ba ya yawan magana, kuma hannunsa abin kallo ne. Yatsunsa kamar rogo. In ya zo danna waya, madanni biyu yake dannawa lokaci ɗaya, sai ya tsawata wa wayar. Da wannan hannun yake awo, domin tunda nake ban taɓa ganin tef ɗin awo a jakarsa ba. Taƙi ne, kamu ne, yatsa ne, sai igiya. Idan aka miƙa masa tef sai ya ce wannan kayan tela ne, a kai wa masu ɗinkin wando. Injiniyoyi sun sha bin bayansa da nasu tef ɗin suna neman kuskure, shi kuwa yana gefe yana ɓarar gyaɗa, su gama zagayensu su tafi ba su samu komai ba. Lissafin bulo da siminti a ka yake yinsa. Kafin ni mai takardar shaida in gama neman biro, ya riga ya faɗi amsa ya wuce.

Doka ɗaya gare shi wadda kowa ya san shi da ita: ba ya fasa abin da ya gina. Wani mai gida ya taɓa cewa a matsar masa da taga bayan an gama bango. Baba ya wanke cokalinsa, ya saka a jaka, ya ce a nemo wanda zai fasa, shi dai ba da hannunsa ba. Mama, Allah ya jiƙanta, ta yi kwana uku tana masa mita a kan aikin nan da ya bari, ko a jikinsa.

Titinmu gangare ne, kuma gidanmu ne a ƙasa. Shekarar da ƙanena Auta yake rarrafe, aka yi wani ruwa da rana tsaka, kwata ta cika ta tumbatsa, ruwan titi gaba ɗaya ya kwararo mana cikin gida. Mama ta baro kicin da gudu ta tarar da yaron zaune a ɗaki, ruwa har ƙirjinsa, yana ta wasa abinsa. A makon nan Baba ya gina dokin ƙofa a bakin get, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, da ɗan gajeren gangare ciki da waje. Shekara talatin da biyar ke nan, ko ɗigon ruwan titi bai sake tsallako shi ba. Mu kuwa babu wanda bai bar farcen ƙafarsa a wurin ba, har baƙi.

Auta ya girma ya zama likitan haƙori. Shi Mama ya ɗauko, siriri, yatsunsa kamar tsinken sakace, dama da irin su ake shiga bakin mutane. Da kuɗin gini Baba ya yi masa karatu, kuma ba ya faɗa, amma duk unguwa ta san yaron nan ne hasken idonsa. Tun rasuwar Mama, ni nake biyowa kullum in an tashi makaranta in dafa masa abinci, tunda gidan aurena ba nisa. Auta kuwa Asabar ce ranarsa. Ya zo da hantsi, su zauna su yi ta gardamar banza, ya ci abinci, ya shiga tsohon ɗakinsa ya yi barci har la'asar. Tsohuwar motarsa a titi yake jefar da ita, ko ɓarawo ba ya kallonta. Duk mako Baba wannan Asabar ɗin yake jira, ni da nake zuwa kullum na zama kamar kujerar falo.

To tun yana ƙarami Auta yake da ciwon mota. Bangon ɗakinsa har yau da tabon gam na hotunan da ya lilliƙa. Da asibitinsa ya kafu sai ya je ya yi odar motar da ya daɗe yana mafarki: kujera biyu, launin ruwan ƙwai, ƙasa-ƙasa har ko kaza ba za ta iya shiga ƙarƙashinta ba. Irin wannan mota sai an zauna da kai an tambaye ka abin da kake so a ƙara kafin a haɗo ta. Cikin jerin akwai na'urar ɗaga gaba. Madanni ne kusa da sitiyari, ka danna in kana tafiya a hankali, gaban motar ya tashi kamar santimita biyar, ka haye tudu ko dokin ƙofa, in ka ƙara gudu ta koma da kanta. Mai sayarwar ya ba shi shawara ya saka. Auta ya ce shi ya yi bincike a waya: tana ƙara nauyi, tana cin wurin ajiye kaya, kuma ƙarin abin lalacewa ce. Wuri ɗaya kawai yake tunani, ƙofar gidan Baba, domin wannan motar ba ta kwana ko yini a titi.

Ina zaune a falo ina duba littattafan yara ya kira, na sa wayar a lasifika. Ya tambayi Baba santimita nawa ne tsayin dokin ƙofa. Baba ya ce yatsa shida. Auta ya ce a taimaka a ɗauko tef a auna masa. Baba ya sha mur kamar yaron yana ganinsa.

"Ni na gina shi. Na ce maka yatsa shida."

Akwai tef a akwatin ɗinkin Mama, taku biyar daga inda nake. Ban tashi ba. Saura littafi goma sha biyu gare ni kuma ƙafata tana ciwo, sai na ce a raina su ƙarata can. Wannan laifina ne, na ɗauka. Shi kuma likita, mai digiri, sai ya ɗora nasa yatsun shida a kan rula a teburin mai sayar da mota, ya ga santimita goma. Motar tana da sha ɗaya daga ƙasa. Ya ce ta wuce, ya soke na'urar, ya sa hannu. Bai tsaya ya tuna hannun wa ya yi awon ba.

Wata huɗu aka yi ana jiran mota. A wata huɗun nan Baba ya tashi daga ritaya. Ya cire igiyar shanyar Mama, ya share gefen tsakar gida, ya kafa rumfa da ginshiƙai huɗu, ya yi daɓen siminti sumul kamar faranti. Da gwiwar nan tasa. Na yi faɗa, na yi roƙo, na ce a kira masu ƙarfi su yi, ya ce motar ɗansa ba za ta kwanta a kan daɓen wani ba. Da ya gama kullum sai ya share wurin da safe, wurin da ko akuya ba ta taka ba.

Ranar da motar ta iso, tun daga kan kwana muka ji rurinta. Maƙwabta suka fito. Baba ya sa farar rigarsa, ya buɗe get da kansa, ya tsaya yana yi wa Auta alama da hannu ya taho. Auta ya taho a hankali, yana murmushi har kunne. Sai muka ji ƙara, irin ta babban faranti in ya faɗi a kan siminti. Haɓar motar ta daki dokin ƙofa ta dare. Auta ya rikice ya yi baya, abin da ya rage ya ƙarasa ɓallewa, ya bar wani baƙin yanki a ƙasa kamar tsohon takalmi.

Ya fito ya durƙusa ya daɗe yana leƙen ƙarƙashi. Da ya ɗago sai ya ce wa Baba ai yatsa shida ya ce masa. Baba ya sunkuya ya jera yatsunsa a jikin simintin, huɗu na dama, biyu na hagu. Shida cif, ko gashi ba zai shiga ba. Auta ya jera nasa, sai da ya kai tara. Wani maƙwabci ya fashe da dariya, matarsa ta zungure shi. A nan ne ƙanena ya faɗi maganar da na so in toshe masa baki kafin ta fito.

"Baba, duniya fa ta daɗe da daina awo da yatsa."

A gaban mutane ya faɗa. Baba ya dube shi, ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya shige ciki. Ranar abincin da na dafa ni kaɗai na ci.

Daga nan na zama 'yar aike. Auta ya koma wurin mai sayarwa ya ce a saka masa na'urar yanzu, aka ce masa sai dai tun daga masana'anta. Akwai masu sakawa a waje, amma duk wanda ya bari aka taɓa ƙafafun motar, garantinsa ya tashi. Ya dawo ya ce to a rage dokin ƙofa, abin da bai wuce aikin yini ɗaya ba. Baba ya ce in gaya masa ya sayo mota mai ƙafafu. Na kai saƙo. Auta ya ce in gaya wa Baba ashe siminti ya fi ɗansa daraja. Wannan ban kai ba, na haɗiye shi. Na kawo shawarar a shimfiɗa katako, aka gwada sau ɗaya, katakon ya tashi ya maki cikin motar, Auta ya kusa kuka. Na ce a tsawaita gangaren waje, Baba ya nuna min kwata da faɗin titi, ya tambaye ni ko a makarantarmu haka ake koyar da lissafi.

Motar ta koma tsayawa a titi, kuma titinmu ba na irin wannan mota ba ne. Ga masu kura, ga tifar yashi, ga 'yan makaranta da kowa yake son ya shafa. Auta ya daina shiga falo. Sai ya jawo kujera bakin get, rabin jikinsa a ciki rabi a waje, Baba yana masa magana yana amsawa da "uhm" idonsa na kan titi. Barci a tsohon ɗaki ya ƙare. Yini ya koma awa ɗaya, awa ta koma minti ashirin, a tsaye, makulli a hannu. Tsohuwar motar ya riga ya sayar. Na ce ya hau tasi mana, ya ce shi ya sayi mota don ya riƙa hawan tasi? Na ce masa wallahi da ni ce Mama da na murɗe maka kunne, likita ko ba likita ba. Ya ce, "Yaya, ke ma kin san laifin wa ne." Na sani, namu ne mu uku, amma ba wanda yake son jin wannan lissafin.

Sai ya daina zuwa. Asabar bakwai na ƙirga. Yana kira a waya, gaisuwa ta minti biyu, aiki ya yi yawa. Baba bai taɓa tambayata ina yake ba. Amma duk Juma'a sai ya ce in ƙara shinkafa gobe, wai kwanan nan yana jin yunwa, mutumin da ba ya iya cinye rabin faranti. Ran Asabar ya ɗauki kujerarsa ya zauna a ƙarƙashin rumfar da babu komai, yana fuskantar get, har rana ta juya. Takaici ya ishe ni. Na ce masa Baba, don girman Allah, yatsa biyu na siminti ne fa. Ya ce in na gama wanke-wanke in ja masa ƙofa.

Wata Alhamis aka tashe mu da wuri, na iso gida kafin azahar. Na tura ƙaramar ƙofa sai na ga Baba tsugune a bakin get, ya ba ni baya. Da ya ji motsina ya yi wuf ya tura wani abu ƙarƙashin riga, kamar yaron da aka kama da sukari. Na yi kamar ban gani ba, na wuce. Har na kai ƙofar kicin ya kira ni.

"Malama, zo ki karanta min wannan."

Tef ne, sabo fil, ko takardar shagon ba a ɓare ba. Dariya ta taso min, na ce yau kuma tela muka samu a gidan? Na tambaye shi ina tabaransa. Ya ce ba ido ba ne. Na duba yadda ya riƙe shi, lambobin a kife, ya fara awon daga tsakiya.

"Ban san su ba," ya ce. "A ka na san su. A rubuce ban san su ba."

Mun san Baba bai yi makaranta ba, wasiƙa mu muke karanta masa. Amma lamba? Mutumin da yake gaya maka bulo nawa bene zai ci tun kafin a haƙa tushe? Ko a mafarki ban taɓa kawowa ba. Ya ce yana yaro wurin koyon aiki maigidansa ya taɓa miƙa masa tef a gaban ma'aikata, ya faɗi abin da ya ga dama, aka yi masa dariya har aka tashi aiki. Tun ranar ya rantse ba zai sake riƙe shi ba, ya mayar da hannunsa abin awo, ya horar da shi har ya fi tef ɗin. Mama kaɗai ta sani. Ranar da Auta ya kira yana neman santimita, ya ji tambayar sarai, kuma ya san ina zaune a wurin.

"Yaron da na kai har ya zama likita, in buɗe baki in ce masa ban iya abin da 'yan ajinki suke yi ba?"

Shekara ashirin ina koya wa 'ya'yan mutane ɗaya da biyu, uban da ya biya min kuɗin makarantar yana gida bai san kamannin biyar ba, ni kuma ina masa tsiya. Na ce zan gaya wa Auta, in ya ji wallahi da rarrafe zai zo. Baba ya riƙe min hannu, ya ce ko bayan ransa bai yarda ba. Ya ce gara yaron ya ci gaba da cewa ubansa mai taurin kai ne.

Na juya tef ɗin na auna. Sha biyar. Na ce masa motar tana bukatar ya dawo goma. Ya ce in bar shi da goma da sha biyar, in gaya masa da hannunsa. Na kama yatsunsa na ɗora a kan tef, biyu suka rufe abin da za a cire. Ya ɗauko gawayi ya ja layi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ba igiya ba komai, layin ya fito a miƙe.

Kwana uku ya yi da guduma da cizal. Na ce a ɗauko mai injin yanka, ya ce ba wanda zai taɓa masa aiki. Simintin ya ƙi fasuwa, cizal yana ta tsalle, shi kuma ga gumi ga haki amma bakinsa bai daina yabon kansa ba, wai in duba in ga yadda ake kwaɓi, ba irin na yaran yanzu ba. Da ɓangaren farko ya ɓalle sai ya ɗauka ya jujjuya shi a hannu, ya ajiye a gefe a hankali. Ban iya tsayawa kallo ba, na shige kicin na yi ta goge tukunyar da ba ta da datti.

Na kira Auta na ce ya zo ran Asabar, kuma kada ya tambaye ni komai. Ya zo. Ya tsaya ya dubi sabon daɓen, ya koma mota, ya taho kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ta shige sumul, ta tsaya a ƙarƙashin rumfa kamar don ita aka yi, dama don ita aka yi. Ya fito yana washe baki, ya gaishe da Baba, ya juyo gare ni.

"Kin gani ko, Yaya? Da na saka na'urar nan da asara na yi. Ɗan gyara kawai wurin yake so."

Ludayi ne a hannuna, kuma Allah ne kaɗai ya riƙe hannun. Na dubi Baba, tafinsa duk ya faffashe, ya ɓoye shi a aljihu. Ya ce wa ɗansa, "Gaskiyarka," ya ce a kawo abinci.

Saboda haka mai tambaya, ga amsata. In kana da halin sayen motar da cikinta yake jan ƙasa, saka na'urar. Nauyin da take ƙarawa ba a kanka yake ba. In ka ƙi, tudun yana nan, wani ne kawai zai sunkuya a madadin motar, kuma ba lallai ka san ya yi ba.

Yanzu damina ta shigo. Yatsa huɗu ba sa tare ruwan titinmu, Baba ya fi kowa sani. Ya cika buhu takwas da yashi ya jera a bayan get, da hadari ya haɗu sai ya jawo su ɗaya bayan ɗaya ya toshe ƙofar. Asabar da ta wuce bayan azahar gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa kwanon rumfa. Na fito na same shi ya kama kunnen buhu na uku yana ja da baya, yana ɗingishi. Motar tana rumfa, mai ita yana tsohon ɗakinsa yana ta minshari, ƙato da shi, cikinsa cike da shinkafata. Raina ya ɓaci, na nufi ɗakin zan tashe shi ya zo ya ga abin da ya jawo.

"Malama." Baba ya saki buhun ya miƙe da ƙyar. "Rage murya. Bar shi ya yi barcinsa."

Na ce Baba, gwiwarka fa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ruwan zai kai magariba," ya ce. "Ba zai iya fita ba sai an ɗauke."

Murmushi yake yi. Na ajiye mayafina a kan kujera, na kama ɗaya kunnen buhun.